Jar Rigar Mama a Kan Dandamali

Nebraska, Satumba 1998

Yaya Rufina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Pascual da ƙafar nan tasa. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da hannuna na dama da yake kumbura saboda wuƙar kamfanin nama. Wannan kuwa ba labari ba ne, duk matar da ke layin aikinmu haka hannunta yake. Don Tereso mai kai saƙo gida zai taso jibi da saƙonnin mutane, shi ya sa nake rubutu a tsaye. Akwai takalman roba da man zafi a ƙunshin, ki kwance a gabansa kafin ya bar ƙofarki, kin san halin mutumin.

'Yarki Chela tana nan, tana ci tana sha, ta fara makaranta. Kin ce kada in ɓoye miki komai, to ga shi. Yaya, kin turo mini budurwa 'yar shekara goma sha huɗu da ba ta iya buɗe baki ba. Turanci dai ban sa rai ba, amma ko Sifaniyancin sai ta yi ta taunarsa kamar waken da bai dahu ba. In an yi mata magana sai ta zuba wa ƙasa ido. Kayanta kuwa na jefa su a injin wanki har na gaji, warin hayaƙin murhunki ya ƙi fita. Jenifer tawa, da yake nan aka haife ta, bakinta ba linzami, ta ce, "Mami, in ta zauna kusa da ni a motar makaranta, na rantse sauka zan yi in taka da ƙafa." Na ce, "'Yar uwarki ce fa." Ta ce, "A gida." Na yi dariya har na ƙware.

Yara suna ɗan taɓa ta a makaranta, ba sai na faɗa ba. 'Ya'yan Turawa su toshe hanci in ta wuce. 'Ya'yan Mexico ma ba a bar su a baya ba, su ne suka sa mata 'yar kan dutse. Na ce mata ta gode wa Allah, ni da na zo ƙasar nan ba wanda ya damu ya sa mini suna.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wata malamarsu, Malama Lindgren, Baturiya mai tausayin tsiya, irin wadda in ta ga muna cin wake sai idonta ya ciko. Ta tara 'ya'yanmu ta ce su shirya wasan kwaikwayo a kan abin da ake yi musu, a nuna wa makaranta gaba ɗaya kafin Kirsimeti, wai don a daina. Jenifer ce take rubutawa. Wadda za ta tsaya a tsakiyar dandamali daga farko har ƙarshe kuwa, kowa yana kallonta, 'yarki ce. Malama ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta dace da wuri irin haka ba.

Sai dai suna so ta fito da kayan gida, na gaske, ba irin wanda ake sayar wa baƙi a kasuwa ba. Ni nawa na daɗe da kyautar da su. Ki duba akwatinki ki ba Don Tereso in zai dawo.

Ƙanwarki,
Dominga


Santa Inés, Huehuetenango, Oktoba 1998

Ƙanwata Dominga,

Na karɓi takardarki da takalma da man zafi daga hannun Don Tereso, Allah ya saka da alheri. Ƙafar Pascual ta yi sauƙi, yana hawa gona da sanda. Ruwa ya yi yawa bana, waken da ke gangare ya ruɓe, amma masara ta tsaya. Hannunki ki dinga gasa shi da ruwan ɗumi da gishiri.

Maganar hayaƙi na karanta na wuce. Hayaƙin nan shi ya raine ki ke ma. Chela kuma ba bebiya ba ce, a gida har sai na ce ta yi mini shiru. Halinta ne, sai ta gama kallon wuri kafin ta buɗe baki. Ki yi haƙuri da ita.

Amma wurin da kika ce ita ce a tsakiya, kowa yana kallonta, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Na bi Pascual gona na karanta masa, ya zauna a kan kunya ya cire hula. Ni ban san irin wasan da suke yi a can ba. Na dai san yadda ake zaɓar yarinyar da za ta zama Maryamu a zagayen Kirsimeti, kuma na san ba a ba 'yar banza. Kowace shekara ina sa rai za a zaɓi Chela, kowace shekara sai a ba 'yar mai kanti. Ashe rabonta yana can wata ƙasa.

Kin ce kayan gida na gaske. Na buɗe akwati na zauna na daɗe a gabansa. Ga ta nan na ba Don Tereso: rigar saƙin Mama, jar nan mai fararen tsuntsaye a ƙirji, wadda ta saƙa da hannunta shekarar da za ta auri Baba. Na san kin so ta lokacin da aka raba kaya, ta faɗo hannuna don ni ce babba. Na yi niyyar Chela ta sa ta ranar aurenta. Amma in Turawa za su kalli 'yarmu, to su kalle ta a cikin abin da ya fi komai namu kyau.

Ki ji ni da kyau. Rigar nan ba ta taɓa ganin sabulu ba, kada ta ga injinki. Iska kawai ake ba ta, a inuwa. In za a ninke, tsuntsayen su koma ciki. Kada Chela ta ci komai tana sanye da ita.

Me ya hana yarinyar rubuto mini ko layi biyu? Ki ce mata ba na fushi, na san karatu ne ya sha mata kai. In an ɗauki wasan a kaset, ki turo mini.

Yayarki,
Rufina


Nebraska, Nuwamba 1998

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya, sanyi ya fara, Jenifer ta yi mura ta warke. Mun ji a rediyo ruwa ya yi ɓarna a wajenku, Don Tereso ya ce ba zai taka hanya ba sai an gyara ta. Shi ya sa wannan zan jefa ta a gidan waya, in ta iso to.

Riga ta iso. Da na kwance ƙunshin sai da ƙamshin akwatin Mama ya buge ni, ba zan ɓoye miki ba. Ban ce ki turo wannan ba, amma tunda kin turo shi ke nan. Malama Lindgren ta shafa tsuntsayen kamar za ta yi kuka.

Na je ɗauko su ran Alhamis na tarar suna gwajin wasan, na zauna a baya na sha kallo. Bari in ba ki labari. An jera tebura kamar ɗakin cin abincin makaranta. Chela ta shigo da abincinta ƙunshe a mayafi, ta zauna ita kaɗai, ta kwance tortiya, wainar masararmu, da wake. Sai masu tsokana su kewaye ta, samari uku na Turawa da 'yan mata biyu 'yan Mexico. Kin san su waye? Su ne dai ainihin waɗanda ke tsokanarta. Shugaban makaranta ne ya turo su a matsayin horo, wai su ji a jikinsu. Ban taɓa ganin yaran da ke son horo irin waɗannan ba, tun kafin a buɗe ƙofa suke zuwa.

Babbansu, wani dogo mai suna Cody, ya toshe hanci ya ce, "Wa ya ƙona taya a nan?" Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Ba taya ba ce, 'yar kan dutse ce ta sauko." Cody ya leƙa abincin ya ce, "Karen gidanmu ma ba zai ci wannan ba. Ki koma Mexico." Ranar farko da ya faɗi haka, ba a cikin rubutun yake ba, sai Chela ta ɗago kai ta ce da guntun Turancinta, "Ni ba 'yar Mexico ba ce." Ɗakin ya kwashe da dariya. Malama ta ce a bar shi a ciki. Yanzu ita ce maganarta ɗaya tilo a wasan, kin ga ba ta da wahalar hadda.

Daga nan su ture abincin, ta durƙusa tana tsince tortiya a ƙasa, Cody ya ɗaga kwalin madara a kanta kamar yana zubawa. Ba komai a kwalin. Sai Jenifer ta miƙe daga wani teburin ta daka musu tsawa, ta yi jawabi da Turanci mai daɗi a kan cewa duk mu mutane ne, ta ɗaga Chela ta rungume ta. Malama ta tambayi Jenifer ina ta samo zantukan masu tsokanar, wai kunnenta na marubuta ne. Ni dai na san rabinsu a kicin ɗina na fara jin su.

Abin mamaki kuwa 'yarki ce. Duk ranar da aka yi gwajin sai ta yi hawaye, na gaske, shar-shar, ba sauti. Har wani kama kunnenta na hagu take yi, ban san inda ta koyo shi ba. Malama ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar yayarki baiwa gare ta." Na ce ai a gidanmu kuka gado ne.

Na faɗa mata saƙonki. Ta ce ba ta da abin rubutawa.

Dominga


Santa Inés, Disamba 1998

Dominga,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Muna raye. Dutse ya zaftaro ya rufe hanyar mota, gidaje biyu sun tafi a gangaren kogi, amma namu yana tsaye, Pascual ma da sauƙi. Wannan takardar wani direba ne zai fita da ita ta ɗaya hanyar.

Shiru, shiru. Tun da na ba da riga ban ji daga gare ki ba. Ta iso? Ta yi wa Chela daidai? In ta yi mata yawa a kafaɗa kada ki sa allura, ki kama da ɗamara.

Bakina bai iya riƙe magana ba, gari duk ya ji cewa 'yar Pascual ce Turawa suka zaɓa. Matar mai kanti ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ashe abin arziki ya samu." Na ce, "Ya samu." Na riga na yi magana da Don Anselmo mai talabijin. Kin san yadda muke yi da kaset ɗin da ya zo daga arewa, wato wajenku, ba a kallonsa a ɓoye. Zai kawo na'urarsa barandar coci ranar bikin waliyyiyarmu a Janairu, bayan an tashi daga sujada, lokacin da kowa yake gari. Talo-talon nan da nake kiwo na ajiye shi don ranar.

Ki tabbata kaset ɗin ya iso kafin nan.

Yayarki,
Rufina


Nebraska, Janairu 1999

Yaya,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Lafiyarmu lau. Don Tereso ya ce hanya ta buɗe, ga kaset nan, ga kuma suwaita ta Pascual. Takardarki ba ta daɗe da zuwa ba, na ga har da talo-talo. To, ke kika san garinku.

An yi wasa, Yaya, kuma an yi nasara. Ɗakin taro ya cika maƙil, iyaye har a tsaye. Na roƙi canjin aiki don in je. Da aka gama mutane suka miƙe suna tafi, matan Turawa suna share hawaye, wasu suna zuwa suna taɓa rigar. Jaridar garin ta buga hoton Jenifer tana jawabi, Chela ma ta fito a gefe, bayanta dai. Makarantu biyu da wani coci sun riga sun aiko suna so a je a yi musu. Jenifer ta ce lauya za ta zama. Ki taya ni addu'a.

Rigar ta ɗan gamu da matsala, kin dai san yadda wasan yake tunda na ba ki labari a waccan takardar. Kada ki ɗaga hankalinki, ina kula da ita.

Chela tana gaishe ki. Ta kwanta ciwon ciki bayan wasan, amma ta tashi.

Ƙanwarki,
Dominga


Santa Inés, Fabrairu 1999

Dominga,

Ina gaishe ki don Mama ta koya mana gaisuwa. Pascual yana kwance. Ba ƙafar ba ce.

Takardarki ta Nuwamba jiya ta iso daga gidan waya, ta jiƙe ta bushe. Da ta riga kaset zuwa, da na haƙa rami na binne shi. Da na karanta cewa riga ta gamu da matsala, na ɗauka zare ne ya zame.

Bari ni ma in ba ki labari, tunda kina son labari. An tashi daga sujada, Don Anselmo ya ɗora talabijin a kan tebur, gari ya taru. Na yanka talo-talo, na kwana biyu ina naɗe tamal, tuwon masara a ganye. Na zaunar da tsofaffi a gaba, Pascual a tsakiyarsu da sabuwar suwaita. Da Chela ta fito cikin ja, Doña Catarina, ƙawar Mamanmu Magdalena, ta yi alamar gicciye ta ce, "Ga rigar Magdalena." Mata suka yi tafi. Na ji kamar ƙirjina zai fashe don daɗi, kuma wannan daɗin shi ne ba zan yafe miki ba.

Na ga ta kwance abinci, na ce a raina, ai na hana ta ci da rigar. Sai ga dogon yaron nan ya toshe hanci. Ɗan Don Anselmo, wanda ya yi aiki a arewa, ya fara fassara mana, sai ya daina. Pascual ya ce, "Me ya ce, yaro?" Ya ce, "Ba komai, Don Pascual, wasa ne." Mutanen cikin talabijin suka yi dariya, yaranmu ma suka taya su, ba su san abin da aka faɗa ba. Da Chela ta buɗe baki ta yi maganarta, dariyar can ta fi ta farko. Matar mai kanti ta juyo ta ce mini, "Ashe ban dariya aka ɗauke ta."

Sai 'yata ta durƙusa tana tsintar tortiya a gaban takalman mutane. Kin rubuta cewa ba komai a kwalin. Akwai. Na gani, gari ya gani. Baƙar madara ce mai cakulan, ta bi gashinta, ta sauko kan tsuntsayen Mama. Doña Catarina ta rufe fuska da mayafi.

Ba na jin Turanci, Dominga, amma ni na haifi yarinyar nan. Tun tana goyo, in abu ya fi ƙarfinta ba ta ihu, kunnen hagu take kamawa. Ta kama shi ranar da muka binne ƙaninta. Ta kama shi ranar da na sa ta a mota zuwa wurinki. Kin ce ba ki san inda ta koyo ba. Kin zauna a bayan ɗaki kina kallon ana yi mata haka mako bayan mako, kika kira shi baiwa. Sannan 'yarki, wadda ba ta iya zama kusa da ita a mota, ta rungume ta ana tafi.

Pascual ya tashi ya tafi gida, ya bar hularsa a kan benci. Sauran ba su tafi ba. Sun cinye talo-talon tas, wasu har suna roƙon Don Anselmo ya maido wurin madarar su sake gani.

Ina jin kunya, ina jin tsanarki, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Ki ba Don Tereso rigar uwata. Ki haɗa shi da 'yata.

Rufina


Nebraska, Maris 1999

Yaya,

Na ga gaisuwarki, na amsa. Allah ya ba Pascual lafiya. Hannuna yana nan yadda yake, tunda ba ki tambaya ba.

Wa ya ce ki tara gari? Na rubuta miki tun farko cewa wasa ne a kan abin da ake yi musu. Ke kika tsallake wannan kika kama wurin da ya yi miki daɗi, kika naɗa wa 'yarki sarautar Maryamu. Kin so ki ƙona ran matar mai kanti, naki ya ƙone, sai kuma laifin ya dawo kan Dominga.

Madarar ba a shirya ta ba. Cody ne ya sauya kwalin, Malama ta yi fushi har ta yi ja. Amma da aka fito kowa wurin yake yabo, wai shi ya fi taɓa zuciya, sai aka bar shi. An yi a makarantu biyun, an yi a cocin. Me kike so in yi da riga mai tsamin madara, in ba ta iska a inuwa? Na jefa ta a inji, kowane zuwa. Ga ta nan a ƙunshi. Zare ne, Yaya. Mama ta mutu, ba ta cikin rigar. Shekara da shekaru tana kulle a akwatinki ba wanda ya isa ya taɓa, ni ko a kafaɗa ban taɓa ɗora ta ba, kuma da hannunki kika ba da ita.

Kina can kan dutsenki kina ƙirga hawaye. Tun da aka yi wasan nan ba wanda ya ƙara toshe hanci a makarantar, don shugaban ya ce duk wanda aka kama kora ce. Yara nawa ne namu suka samu sauƙi? Wani ne dole ya durƙusa a tsince tortiyar, kuma ba za a ba Jenifer ba, ba wanda zai yarda ita ce. Malama ma ranta ya ɓaci da na karɓe rigar. Yanzu wani mayafin tebur suke yafa mata daga gidan abincin 'yan Mexico, ko kusa bai kai ba.

Maganar in haɗa ta da Don Tereso, ba buhun masara ba ce. Yarinyar da ta keta hamada da ƙafarta kike so ta koma ta zauna gaban dutsen niƙa, a garin da kowa ya kalle ta a durƙushe? Ni ban ɗaure ta ba. Ki rubuta mata da kanki, zan miƙa mata ban buɗe ba.

Dominga


Santa Inés, Afrilu 1999

Chela, 'yata,

Ina gaishe ki, babanki yana gaishe ki. Ya tashi, yana ɗan zama a ƙofar gida. Kajinki sun yi 'ya'ya. Mun fara shuka.

Rigar kakarki ta dawo. Ta tsuke, jan ya zuba a kan tsuntsayen, akwai tabo daga wuya har ciki. Na ninke ta na mayar akwati. Ba laifinki ba ne, kada ki sa wannan a ranki ko kaɗan.

Ba zan yi miki ƙarya ba, don in kin zo za ki gani. Yaran gari sun mai da abin wasa. Ɗaya ta durƙusa, sauran su toshe hanci su zuba mata ruwa a ka, kuma sunanki suke kiran mai durƙuson. Na kore su da itace har na gaji. Amma yara ne, za su samu wani wasan su manta.

Ki dawo gida. Na tura ki don ki yi karatu ki fi ni, ban tura ki don wannan ba. Don Tereso ya ce zai iya tahowa da ke a watan gobe. Ga masaƙata nan, zan kafa miki sabuwar riga, ke za ki zaɓi zaren. Ba na iya barci in na tuna ki a can ba mai kallon fuskarki ya gane.

Har yanzu kina kama kunnen? Ki rubuto mini, ko layi ɗaya ne.

Mamanki


Nebraska, Mayu 1999

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Lafiyata ƙalau, cikina ya daina ciwo. Anti Dominga ta ba ni takardarki.

Ba zan dawo ba. A nan waɗanda suka kalle ni ba su san ni ba, sun yi tafi sun tafi gidajensu. A can kowa ya san ni, ya san Baba, ya san rigar. Ba Cody ne ya tara su ba, ba Jenifer ba ce. Ke kika tara su, kika dafa musu abinci. Da kin tambaye ni kafin ki turo rigar, ko kafin ki kira Don Anselmo, da na gaya miki. Kin ce in rubuto layi biyu, amma duk tambayoyinki Anti kika yi wa.

Turancina ya yi kyau yanzu. Na yanke gashina. A makaranta Marcy suke kirana. Ina zama da su Jenifer a mota.

Wata yarinya ta zo daga wajen duwatsunmu, sunanta Sebastiana. Ba ta magana, kayanta suna warin hayaƙi. Ban san haka warin yake ba sai da na zauna a bayanta. Ta ji ni 'yar wajensu ce, ta yi mini magana da yarenmu a gaban mutane, na ce ban gane ba. Malama ta ce tunda bakina ya buɗe, bai kamata in ci gaba da zama mai magana ɗaya a wasan ba, in zaɓi wurin da nake so. Cody zai gama makaranta bana. Na ce a ba ni nasa, aka ba Sebastiana nawa. Mun fara gwaji, Jenifer ta ce na fi shi iyawa, don ni na san abin da ya fi zafi.

Za a yi wasan a babban taron malamai kafin hutu. Malama ta ce in roƙe ki ki dawo da rigar, mayafin tebur ba ya yi. Sebastiana ƙarama ce, tunda rigar ta tsuke za ta yi mata daidai. Kada ki wahalar da kanki da tabon. Ki ba Don Tereso ita, ita ce za ta yi tafiyar da kika tanadar mini.

Kin tambaya ko har yanzu ina kama kunnena. Na daina, Mama. Da wannan hannun nake riƙe kwalin madarar.

'Yarki,
Marcy